Murhu Ba Wuta, Kanti Ba Hutu

Duk mai ƙaramin kantin kayan hannu a Ingila ya san shekararsa wata uku ce: Oktoba, Nuwamba, Disamba. Abin da ya shiga aljihu a cikinsu shi ke biyan haya da wuta da haraji har shekara ta zagayo. Sauran watannin na share ƙura ne da gaisawa da masu leƙe, waɗanda za su ɗauki kaya su juya, su yaba, su ajiye, su ce sai sun dawo. Amma da zarar an mayar da agogo baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, sai garin ya sauya hali. A Manchesta, cikin Disamba, kafin ƙarfe huɗu na yamma magariba ta yi. Baturen da duhu da sanyi suka matsa wa ba abin da yake so irin ya sayi kyandir, ya sayi bargo, ya sayi wani ɗan abin da zai ajiye a falo ya ji daɗin zama a ciki. Daga nan har jajiberin Kirsimeti ƙofar kanti ba ta hutawa.

Nawa kantin yana wata unguwa a kudancin birnin. Ɗinki na iya tun ina gida, kuma da shi na fara: rigunan filo, shimfiɗar tebur, jakunkunan yadi. Daga baya na haɗa da jakunkunan fata da faifai da kwanduna da 'yan'uwa ke aiko mini daga Kano. Sannan masu saƙa da masu gina tukwane na unguwa suka fara kawo nasu, in sayar in cire la'ada. Mai saye yana ganin Kirsimeti rana ɗaya ce, mu kuwa tun Janairu muke cikinta. A watan ne ake baje kolin kayan bikin a garin Harrogate, a Fabrairu a yi wani babba a Birmingham, kuma a can ake sanin launin da zai yi tashe a ƙarshen shekara. A Yuli, ana zufa, ni ina yanka jan yadi mai kauri ina ɗinka manyan safunan nan da ake ratayewa yara su wayi gari su tarar da kyauta a ciki. Kowane kyandir sai an manna masa takardar gargaɗi, kowace 'yar tsana sai ta cika sharuɗɗan kayan wasan yara. Kafin Satumba ta ƙare, bayan kanti ya cika, kaya sun malalo zuwa gida, falonmu ya zama sito.

A bayan kwalayen nan ne murhun yake.

Gidanmu irin jerin gidajen jan bulo ne da suka cika arewacin Ingila, bango ɗaya da maƙwabci dama da hagu, waɗanda aka gina wa ma'aikatan masaƙu a ƙarshen zamanin Sarauniya Biktoriya. Wanda ya ɗaga kai ya dubi rufinsu zai ga tukwanen hayaƙi a jere, huɗu ko shida a kan kowane gini. Kowace tukunya murhun ɗaki guda ce. Rami ne a jikin bango, da bututu daga cikinsa har rufi, ana hura kwal a ciki don jin ɗumi, a samansa kuma akwai 'yar kanta ta katako ko dutse. Da muka sayi gidan, na ɗakunan sama duk an toshe su an shafe da filasta, sai ɗan ragar iska da aka bari. Na falo kuwa an rufe bakinsa da allo, an kafa wata hita ta gas mai launin ƙasa a gabansa, irin ta shekarun 1970. Mai duba gas ya zo ya ce ba ta da lafiya, ya yanke mata bututu. Tun daga ranar take zaune ba aiki, ni kuma duk shekara in sanyi ya shigo sai in tsaya ina kallon bangon ina tsara abin da zan mayar da shi.

Toshe murhu ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 1662, zamanin Sarki Charles na Biyu, an ɗora harajin sule biyu a shekara kan kowane murhu, masu karɓa suna shiga gida suna ƙirgawa, wasu magidanta suka riƙa toshe nasu don rage kuɗin. Mutane sun tsani harajin har aka soke shi a 1689. Amma waccan toshewar ta gudun biya ce. Wadda ta shafi bangon falona ta fara ne da mutuwar mutane.

Daga 5 zuwa 9 ga Disambar 1952, sanyi ya yi tsanani a Landan, iska ta tsaya cak, kowane gida ya ƙara kwal a wuta. Hayaƙin gidaje da na masana'antu ya haɗu da hazo ya kwanta a kan birnin. Motocin haya suka tsaya, mutum ba ya ganin ƙafarsa a wasu unguwanni, hayaƙin ya shiga har cikin gidajen kallo da asibitoci. Lissafin farko ya ce mutum kusan 4,000 suka mutu, binciken da aka yi daga baya ya kai adadin wajen 12,000. Wannan ne ya haifi dokar tsabtace iska ta 1956, wadda ta bai wa ƙananan hukumomi ikon ware unguwannin da ba a yarda hayaƙi ya fita daga gida ba, ta kuma tanadi tallafi ga mai son sauya murhunsa. Sai aka gano gas a Tekun Arewa a 1965. Tsakanin 1967 da 1977 ma'aikata suka bi ƙasar gida-gida suna gyara na'urori don su karɓi sabon gas ɗin. A 1970 gida kamar uku cikin goma ne ke da bututun ruwan zafi mai ɗumama ɗakuna gaba ɗaya. Yau sun haura tara cikin goma.

Doka da gas sun kashe wutar, amma talabijin ce ta koya wa mutane jin kunyar murhun. Akwai wani Barry Bucknell da ya yi suna a BBC yana koya wa magidanta gyaran gida da hannunsu. A 1962 aka ba shi wani tsohon gida a unguwar Ealing ta Landan ya sabunta shi a gaban masu kallo, mako-mako. Darasinsa mai sauƙi ne: duk abin da ke da sassaƙa ko lungu yana tara ƙura, a lulluɓe shi da allo ya zama sumul. Ƙofofi masu ado suka shige ƙarƙashin allo, murahun ƙarfe masu zanen furanni suka tafi bola. Masu son tsofaffin gine-gine har yau ba su yafe masa ba.

Ni dai na daina ganin laifinsa tun da na zauna da maƙwabciyarmu, wata tsohuwa da yarana ke kira Kaka, wadda a layin nan aka haife ta. Na taɓa yi mata kukan yadda aka ɓata murhun gidanmu, sai ta yi dariya har da tari. Ta ce, “'Yata, ba ki taɓa kwashe toka da asuba ba, shi ya sa.” Ta ba ni labarin yadda mahaifiyarta ke tashi cikin duhu ta durƙusa a gaban murhu, ta kwashe tokar jiya, ta jera takarda da ƙirare, ta ɗora kwal, kafin kowa ya sauko. Mai kwal yana zuwa da buhu a kafaɗa ya juye a ramin bayan gida. Ranar wanki, in iska ta juyo, kayan shanya sai su yi ɗige-ɗigen baƙi a sake wanke su. Zafin ma bai wuce gaban mutum ba: fuska na ƙuna, baya na rawar ɗari, ɗakin kwana kuma ƙanƙara na kama gilashin taga ta ciki. Ta ce ranar da aka kafa musu hitar gas mahaifiyarta ta zauna tana kunnawa tana kashewa don murna. Waɗanda suka rufe murahun nan ba jahilai ba ne. Mata ne da gwiwoyinsu suka gaji.

Jikokinsu ne suka dawo da murhun. Daga shekarun 1980 aka shiga ɓamɓare alluna ana neman abin da ke baya. Wuraren sayar da tarkacen tsofaffin gidaje suka zama kasuwa, murhun da aka biya wani ya ɗauke a 1965 ya koma kayan tsada, har ɓarayi suna shiga gidan da ba kowa su cire shi. Mai sayar da gida in zai tallata shi, abu na farko da zai ambata shi ne murhun asali yana nan. Gidan kuwa yana da ɗuminsa na ruwan zafi, wutar ta kallo ce kawai. Tun 1966 wata tashar talabijin a New York ta gane haka, ta riƙa nuna hoton itace yana ci a daren Kirsimeti, awa da awa ba magana. Yanzu irinsa yana Netflix, kuma na sha ganin an kafa talabijin a saman murhun da ba wuta, talabijin ɗin na nuna wuta.

Da zan yi wa abin dariya, da na yi wa tukunyar abincina, domin sana'ata ma hanyar da ta bi ke nan. Babu mai bukatar kwandon hannu don zuba dankali a Manchesta, roba ta fi arha. Babu mai bukatar kyandir don haske. Inji ya ƙwace aikin hannu tun ƙarni biyu da suka wuce, kuma garin nan na cikin wuraren da ya fara ƙwacewa, a masaƙun auduga. William Morris, wanda ya kafa kamfaninsa a 1861 don farfaɗo da aikin hannu, ɗan gurguzu ne mai son talaka ya zauna cikin kaya masu kyau, amma masu kuɗi kaɗai suka iya sayen abin da yake yi. Har yau ba a warware wannan ƙullin ba. Tsohuwar kasuwar kifi ta tsakiyar Manchesta tun 1982 ta zama zauren masu sana'ar hannu, kuma wanda ya shiga zai ga masu saye ba jikokin masu sayar da kifi ba ne.

Da na fara, ciniki na hannu da hannu ne. Ranar Asabar in ɗauki akwati in tafi zauren coci ko na makarantar firamare inda ake haɗa 'yar kasuwar ƙarshen shekara, in biya kuɗin tebur, in shimfiɗa kaya. Mace za ta ɗauki jaka ta shinshina fatar, ta juya ɗinkin ta ciki, ta tambaye ni wace dabba ce, in ce akuya, jar akuyar Sakkwato. Kuɗi tsaba ne, canji a gwangwani. Kasuwar Kirsimeti ta tsakiyar gari, mai rumfunan katako irin na Jamus, a 1999 ta fara, kuma a lokacin ba ta wuce dandali ɗaya ba. Yanzu ta mamaye tituna, kuɗin rumfa ya fi ƙarfin irina, kuma rabin masu zuwa ci da sha ke kai su.

Sai intanet ta shigo. An kafa kasuwar intanet ta Etsy a 2005 a Brooklyn, ba a daɗe ba mai saƙa da ke ƙauyen Wales ta samu masu saye a Kanada. Alheri ne babba, ban musa ba. Amma kasuwar da ba a taɓa kaya a cikinta hoto ke mulki. Mai hoto mai kyau ya fi mai ɗinki mai kyau ciniki, kuma hoto ba ya nuna bambancin abin da aka kwana uku ana yi da abin da ya fito daga kwantena. Garin Yiwu na ƙasar Sin, inda ake yin kaso mai yawa na kayan adon Kirsimeti na duniya, ya iya kwaikwayon karkacewar aikin hannu sarai. Ragin Black Friday, wanda da al'adar Amurka ce, ya ƙetaro ya koya wa mutane su riƙe kuɗinsu har ƙarshen Nuwamba suna jiran a karya farashi, ni kuwa ba ni da abin karyawa. A 2020 aka rufe kantunan da ba na abinci da magani ba daga 5 ga Nuwamba zuwa 2 ga Disamba, tsakiyar kakarmu ke nan, wanda bai iya sayarwa ta waya ba ya iya dole ko ya rufe. A Afrilun 2022 Etsy ta ɗaga la'adarta daga kashi 5 zuwa 6.5 cikin ɗari, dubban masu sayarwa suka yi yajin aiki na mako guda. A Disambar shekarar ma'aikatan gidan waya suka yi nasu yajin, ranar ƙarshe ta aika kaya ta matso gaba, kwanakin ciniki suka ragu. Yau rabin aikina ba ɗinki ba ne: ɗaukar hoto ne, rubuta bayani, naɗe kaya, manna adireshi, amsa saƙon mai tambayar ina kayanta suka tsaya.

A wajen ɗaukar hoton ne na fahimci inda kayana ke zuwa. Mai saye za ta ce, “Faɗinsa nawa? Kantar murhuna siririya ce.” Wata ta turo hoton falonta ta ce in zaɓa mata launin da zai hau da tayil ɗin. Safa a jikin kantar ake ratayewa. Katunan gaisuwar Kirsimeti, waɗanda Henry Cole ya fara bugawa a 1843, a kanta ake jerawa don baƙo ya ga yawan masu tunawa da gidan. Kyandir, 'yar tukunya, igiyar ganye mai kore, hoton aure, agogon gado, duk wurinsu ke nan. Kantar murhu a gidan Bature ita ce jeren amarya a ɗakin Bahaushiya: kwanukan da ba a cin abinci a ciki, amma su ke gaya wa mai shigowa ko 'yar waye. Ashe duk shekarun nan ni mai yi wa murahun mutane hidima ce, nawa yana can a rufe da allo. Kuma hoton safa a rataye jikin murhu na gaske ya fi jan mai saye nesa ba kusa ba a kan hotonta a shimfiɗe bisa tebur. Shekara biyu ina aron falon wata mai gina tukwane don wannan. Daga nan gyaran murhu ya tashi daga kwaɗayi ya shiga lissafin jari, na samu bakin yi wa maigida magana.

Akwai masu tambayata, yawanci baƙin da suka zo daga gida, yadda Musulma ke rayuwa da cinikin Kirsimeti. Amsata ba ta da tsawo. Teloli da masu kaji da masu shinkafa a Kaduna da Jos da Sabon Garin Kano sun san wannan kakar tun kafin a haife ni. Ba na sayar da gumaka ko hoton annabawa, kuma da wuya a tambaye ni su. A ƙidayar 2021, waɗanda suka kira kansu Kirista a Ingila da Wales ba su kai rabi ba, kashi 46 da ɗoriya ne. Abin da akasarin masu shigowa kantina ke nema shi ne kyautar suruka da maganin duhu.

Dabarun gyaran kuwa ba su ƙarewa, kuma kowace shekara da yayinta. An yi yayin kankare bango a bar jan bulo tsirara. An yi na ɗora ƙaton gungumen katako a madadin kanta. An yi na shafe komai da fenti mai duhu, kore ko shuɗi, har murhun ya ɓace cikin bangon. Wasu su cika ramin da guntayen itace da ba za a taɓa ƙonawa ba, wasu littattafai, wasu kyandirori. Akwai na lantarki mai harshen wuta na ƙarya, akwai mai cin man rake da ba ya bukatar bututu. Ni abin da raina ke so shi ne murhun ƙarfe na asali da tayil masu furanni a gefe biyu, irin waɗanda ake yi a Stoke-on-Trent.

Maigida nasa daban ne. Shi wuta yake so, ta gaske, a cikin akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi. Ra'ayin ya kama shi a 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi, masu kafa irin akwatin nan suka rasa lokacin kansu. Yakan ce, “Uwargida, ranar da aka ɗauke wuta da gas, hotonki ne zai ɗumama mu?” Yana da hujja. Buɗaɗɗen murhu yawancin zafinsa bututu yake bi ya fice, har ya ja ɗumin ɗakin ya tafi da shi, akwatin kuwa yana riƙe mafi yawa. Sai dai aikin ba na sayo akwati a ajiye ba ne. Sai an share bututun, an gwada shi da hayaƙi a ga ko yana yoyo zuwa ɗakin sama ko gidan maƙwabci, galibi a zura masa sabon bututun ƙarfe tun daga rufi. Sai an shimfiɗa dutse a gaba, an kafa na'urar da ke ƙara in iskar guba ta taru, an karɓi takardar shaida, in ba haka ba ranar sayar da gida ko neman inshora a sha wuya. Allon da ke rufe da bakin ma ba a fasa shi da guduma kai-tsaye, domin na wancan zamanin yakan ƙunshi asbesto, wanda sai 1999 aka haramta shi gaba ɗaya.

Babbar 'yarmu, mai karatun aikin jinya, ita ce ta uku a gardamar. Ta ce, “Baba, hayaƙin da aka kora a 1956 kuke son dawo da shi ta ƙofar baya.” Ita ma ba ta faɗi ƙarya ba. Ƙona itace a gidaje yana cikin manyan hanyoyin da ƙurar nan mai shiga huhu ke samuwa a Birtaniya yanzu, kuma ba talakawa ke ƙona shi ba, masu ruwan zafi ne da ke son kallon wuta. Tun Mayun 2021 aka hana sayar da kwal na buhu da ɗanyen itace a ƙananan ɗauri a Ingila, itacen da za a sayar sai damshinsa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba, a 2023 aka ƙarasa hana kwal ɗin gida baki ɗaya. Unguwarmu tana cikin yankin da aka hana hayaƙi, tarar tana iya kaiwa fam 300. A wannan gardamar ina bayan yarinyar, ko da yake dalilina bai kai nata tsarki ba: farar ulu da kunkunniya ba sa zama ɗaki ɗaya.

Duk da haka ba gardamar ce ta riƙe aikin ba, kalanda ce. Sha'awar murhu ba ta tashi sai da sanyi, kuɗin yin sa ba sa samuwa sai da ciniki, su biyun kuma a wata ukun nan suke zuwa, daidai lokacin da falon ke cike da kwalaye har taga, ni kuma ina barin kanti ƙarfe tara na dare. Taura biyu ba ta taunuwa. Buɗe tsohon bututu yana zubo da kunkunniyar shekara hamsin da ƙurar filasta, wadda ke shiga ko'ina, har cikin leda. Masu share bututu ma a kakar nan kowa ke nemansu, in ka kira a Oktoba sai a ba ka Disamba. In an kai Mayu, ga lokaci ga masu aiki, amma rana ta fito, kuɗin sun tafi sayen yadin baɗi, bangon kuma ya daina yi mini magana.

Bana dai na sa an zo an leƙa da kyamara. Mai sharar ya nuna mini a wayarsa: tsakiyar bututun cike yake da ƙirare, sheƙar wani ƙaramin hankaka mai tokar ƙeya da ke son bututun gidaje. Doka ta 1981 ta hana taɓa sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita, don haka masu sharar ba sa cirewa daga Maris zuwa ƙarshen Agusta. Tsuntsu ya ɗauki wata shida, kanti ya ɗauki huɗu in an haɗa da Satumba. Saura Janairu da Fabrairu, su ma akwai Harrogate da Birmingham a ciki, ga takardun haraji da dole a miƙa kafin 31 ga Janairu ta wuce. Mun tsayar da mako na uku na Fabrairu. Za a cire sheƙar, a sa wa tukunyar rufi raga, a gwada allon kafin a ɓamɓare, a ga ko akwai ƙarfe da tayil a baya ko kuwa rami ne kawai. Maganar akwatin wuta an ɗage ta zuwa bayan an gani. Maigida ya riga ya auna ramin ta waje ya rubuta a takarda, yana tsammanin ban sani ba.